Mai Kati da Ɗakin Bayan Shago

Shekara ashirin da uku ta yi a bayan taga ɗaya, a zauren shiga babban asibiti, tana yanka wa marasa lafiya kati. Sunanta na gaskiya ya ɓace tun a shekarar farko. Likitoci, masu shara, mutanen layi, kowa Mai Kati yake ce mata, har mijinta in tsokanar ta motsa masa. Tagar gilashi ce mai kauri, an huda mata ramuka bakwai daidai baki, a ƙasa an bar kafar da hannu ɗaya ke wucewa. Magana ba ta ratsa gilashin nan sai an ɗaga murya, ita kuwa ta yi ta ɗagawa har abin ya zame mata jiki. Ko a gida ta ce a miƙo mata gishiri, sai mijin, wanda sana'arsa gyaran firji ce, ya toshe kunne ya ce, "Ranki ya daɗe, ni fa ba a layi nake ba."

Aikin nata tambaya huɗu ne: suna, shekaru, unguwa, sai me ke damunka. Amsar ta huɗu ita ke nuna ƙofar da za a tura mutum. Hannunta na da sauri, ba ta ɓata kati, ba ta tsallakar da ɗan uwa a layi, kuma tana alfahari da hakan.

Wata Laraba da hantsi, a shekararta ta tara a wurin, layi ya kawo wata mata gaban tagar. Abin da Mai Kati ta fara lura da shi rigar ruwa ce ta maza, ruwan toka, an sa maɓallanta har wuya, alhali ko gajimare babu a sama. Matar ta faɗi sunanta ƙasa-ƙasa. Mai Kati ta ji farkonsa kawai, ta rubuta harafi biyu da niyyar ta sake tambaya.

"Shekaru?"

"Talatin da ɗaya."

"Me ke damunki?"

"Likita mace nake son gani."

"Kowa ma ita yake so. Me ke damunki, baiwar Allah?"

A bayan matar akwai wani magidanci da ya kusa manne mata, da wata tsohuwa da ta miƙo wuya tana saurare. Matar ta dubi dama, ta dubi hagu, ta kawo bakinta kusa da ramukan, sai kuma ta ja da baya.

"To koma gefe ki tuna," in ji Mai Kati. "In kin tuna ki dawo. Na gaba."

Mutum biyu ko uku suka yi dariya. Ita kanta Mai Kati ta ji daɗin yadda maganar ta fito.

Matar ta zauna a ƙarshen benci, jikin ginshiƙi. Duk sanda Mai Kati ta ɗaga kai tana nan, hannuwanta cikin aljihun rigar. Ta ƙudurta za ta kira ta in layi ya ƙare. Layi ya ƙare uku da rabi, ta tafi miƙa rajista, ta tsaya hira da mai ɗakin magani. Da ta dawo bencin babu kowa.

Washegari Iya mai shara, wata dattijuwa da ta fi kowa daɗewa a asibitin, ta leƙo ta ƙofar baya da bokitinta.

"Matar nan mai rigar ruwa ta jiya, kin yanka mata kati kuwa?"

"Ta ƙi faɗin abin da ke damunta."

Iya ta ajiye bokitin. Ta ce a banɗaki ta same ta tana wanke jiki a bakin famfo. A ƙarƙashin rigar ruwan tufafinta a yage suke daga sama har ƙasa. Maza uku ne suka tare ta a hanyarta ta zuwa aiki, a lungun bayan tashar mota, wani mai gadi ne ya tsince ta ya yafa mata rigarsa.

"Na ce ta zo in kai ta wurin Sista. Ta ce ai ta je taga, an ce ta koma gefe ta tuna. Ta ce min, 'Iya, ni kuwa tunawar ce ba na so.'"

Mai Kati ta nemi matar nan iyakar nema. Ta je tashar, ta tambayi masu gadi. Ta tambayi 'yan sandan da ke bakin ƙofar asibiti. Wata uku tana bin rajistar ɗakin ajiye gawa tana duba duk macen da ta haura talatin. Harafi biyu da shekaru ba sa kai mutum ƙofar kowa. Ba ta taɓa sanin ko matar ta koma gida ba, ko ta gaya wa wani, ko tana raye.

Daga nan ta fara ganinta. Da rana tsaka, zaure cike da jama'a, sai ta ɗaga kai ta hango ruwan toka a jikin ginshiƙi, ta sake dubawa ta ga wani tsoho ne da bargo. Ta san ba fatalwa ba ce, sanin bai rage komai ba. Muryarta ta sauka. Mijinta, Mai Firji, ya yi kwana biyu yana jiran a daka masa tsawa bai samu ba, ya ce, "Wai batir ɗin ne ya yi sanyi, ko laifi na yi?" Ta gaya masa duka. Bai ce ba laifinta ba ne, ita ma ta gode da bai ce ba.

Abin da ta fara yi ƙarami ne. Ta yanki bayan kwalin magani, ta zana zobe da jan biro, ta rubuta a ƙasa: "In abin ba ya faɗuwa a gaban mutane, ɗora yatsa a nan." Ta manna shi a bakin kafar tagar. Waɗanda ba su iya karatu ba, Iya ke raɗa musu in tana goge ƙarƙashin benci. Kwana goma sha ɗaya babu wanda ya taɓa. Ran na goma sha biyu wani yatsa mai karyayyen farce ya shigo a hankali ya sauka a kan zoben. Mai Kati ba ta tambayi komai ba. Ta rufe taga, ta zagayo, ta bi da yarinyar ta hanyar ɗakin wanki har wurin Sista, ungozoma ce gajeruwa mai furfura, wadda maganarta a yini ba ta cika tafin hannu.

Kafin shekara ta zagayo zoben ya koɗe saboda taɓawa, sau biyu tana sake zana shi. Shugaban sashe ya ba ta takardar gargaɗi kan barin taga.

"Ranka ya daɗe, fitsari ne ke matsa min," in ji ta.

"Sau uku a mako, da baƙuwa biye da ke?"

"Su ma shi ke matsa musu."

Nan ta gano abubuwan da ba a gani ta bayan gilashi. In 'yan sanda suka zo, sai su tafi da tufafin mace a matsayin shaida, a bar ta cikin zanen gadon asibiti ta nemi hanyar gida. Mai Kati ta fara kwaso nata tsofaffin kaya tana ɓoyewa a ƙarƙashin tebur. Ta kuma gano cewa bayan ɗinki da allura da ƙwayoyi, kusan kowace sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "To yanzu ina zan je?" Wannan tambayar ba ta da ƙofa a asibitin.

Shekara uku ana haka, Sista ta yi ritaya, sabon shugaba ya zo ya ɓamɓare kwalin da hannunsa. Mai Firji ne ya kawo mafita. A bayan shagonsa akwai wani ɗaki da yake jibge firjin da suka ƙi gyaruwa, yana ce musu gawarwaki.

"Ku ɗauka," ya ce. "Gawarwakin nan ba sa gulma."

Ƙanen Mai Kati, Auta, shi ne ya taya su kwashewa. Shekararsa huɗu uwarsu ta rasu, ita tana da goma sha uku, don haka ita ta goye shi, ita ta kai shi makaranta ranar farko. Yanzu ya zama magidanci mai makarantar koyon tuƙi, ga barkwanci, ga kyauta. Shi ya shafe bangon ɗakin da farin fenti, yana yi yana waƙa. Suka bar firji huɗu: ɗaya aka shirya tufafi a ciki, ɗaya sabulu da tawul da audugar mata, ɗaya takardu, aka sa masa kwaɗo, na huɗun kuwa nauyi ne ya hana a motsa shi. Kujera biyu, ƙaramin gado, butar shayi. Ƙofar ta lungun baya take, ba sai an ratsa shago ba. Aka jawo layin waya daga shagon. Ba su kafa allo ba, ba su raɗa wa wurin suna ba. Mutane ne suka fara cewa, "Kai ta Bayan Shago," sunan ya zauna.

Sista ta shigo aikin tare da Mai Kati, ta ukunsu kuma wata mai buga takardu ce a kotu, ana ce mata Tafireta, don bakinta ya fi yatsunta sauri. Shekara goma sha biyar tana buga shari'o'in fyaɗe, ta san daidai inda kowace ke mutuwa: takardar likita ta ɓace, ko an rubuta jawabin mace da kalmomin ɗan sanda, ko an yi ta ɗage zama har ta gaji. Sista ke riƙe da safiya, Mai Kati ta karɓa da ƙarfe huɗu in ta taso daga taga, Tafireta kuma ranakun kotu. In waya ta buga babu kowa a ɗakin, Mai Firji ke ɗauka. An koya masa magana ɗaya, bai taɓa ƙara ko harafi a kai ba: "Riƙe, 'yar uwa, kada ki ajiye, ga ta nan zuwa."

Babu wanda ya koya musu aikin, a jikin mutane suka koya, kuma mutanen ne suka ɗanɗana kuɗarsa. Wata rana Mai Kati ta rungumi wata yarinya don tausayi, yarinyar ta ƙwalla ƙara har maƙwabta suka fito. Tun ranar ba a taɓa kowa sai an tambaya. Tafireta ta matsa wa wata malamar makaranta sai ta je kotu, lauya ya yi mata tambayoyin da suka sa ta bar garin. Daga baya Tafireta da bakinta ta kafa dokar cewa mai abin ita ke zaɓar inda za a je da inda za a tsaya. Akwai kuma wani lebura, ƙato mai gemu, da ya yi kwana uku yana kai-kawo a lungun kafin ya ƙwanƙwasa. Sista ta ce masa a hankali ɗakin mata ne, ya sunkuyar da kai ya juya. Mai Kati na shigowa ta ji labari, ta bi shi da gudu har babban titi, takalminta ɗaya ya fita ba ta tsaya ɗauka ba. Ta dawo da shi. Abin da aka yi masa a ɗakin kwanan ma'aikata bai bambanta da na sauran ba.

Unguwa ta yi ta magana, ana cewa gidan banza aka buɗe. Mai facin taya da ke maƙwabtaka da su shi ne kan gaba wajen habaici. Wata safiya sai ga shi a lungun da ƙanwarsa a bayansa, idonsa a ƙasa. Daga ranar duk wanda ya tsaya leƙe a bakin lungun, shi ke tashi da ƙarfen taya a hannu ya tambaye shi wa yake nema.

A shekara ta goma sha ɗaya da buɗe ɗakin, wata guda bayan Mai Kati ta bar aikin asibiti, wata Litinin da yamma wata budurwa ta zo tare da ƙanwar mahaifiyarta. Shekararta ashirin da biyu, sakatariya ce. Sista na zaune a gefe, Mai Kati na haɗa shayi. Yarinyar ta fara da ƙyar, sannan maganar ta ɓalle. Mai gidan aikinta ne. In ɗalibin ƙarshe ya tafi sai ya ce ta hawo da fayil ofishinsa na sama, ya murɗa makulli yana 'yar waƙa. Ta ce ta haddace duk alamomin hanya da ke manne a bangon, don su take kallo har ya gama. Ta ce abin da ba ya barin idonta babban yatsansa ne na hagu, farcen baƙi ne, a tsage gida biyu.

Mai Kati ta san yatsan nan. Ita ce ta datse shi da ƙofa yana ɗan shekara shida, ita ta goye shi zuwa wurin mai magani tana kuka fiye da shi.

Ta ƙarasa zuba shayin, ta ajiye a gaban yarinyar ba tare da ya zube ba. Sannan ta ce, "'Yata, akwai abin da ya kamata ki sani kafin ki ƙara kalma ɗaya. Mutumin nan ƙanena ne, ciki ɗaya."

Yarinyar ta miƙe tsaye, ta dubi fararen bangon. "Ashe gidansa na kawo kaina."

"Ba gidansa ba ne. Zauna, ni ce zan fita. Ba zan gaya masa kin zo ba, ba zan sake jin maganarki ba. Sista ce da ke, ita ba ta haɗa komai da shi ba."

Ta ciro makullin firjin takardu ta miƙa wa Sista, ta zagaya shago, ta zauna a kan wani akwati a tsakiyar firjin da ke ta gurnani. Mai Firji ya dube ta sau ɗaya ya ce, "Wa ya rasu?"

"Auta ne."

"Hatsari ya yi?"

"A'a. Maganar da ake yi a ciki, shi ne."

Ya ajiye sukundireba, ya sauke ƙofar shagon rabi, ya zo ya zauna kusa da ita a ƙasa.

Bayan kwana huɗu, da 'yan sanda suka kira shi, Auta ya zo gidanta. Ya durƙusa yadda ya saba tun yana yaro. Ya ce sharri ne, ya ce yarinyar kora ya yi niyyar yi mata shi ya sa, ya ce, "Yaya, ke kika goye ni, kin fi kowa sanina."

"Wadda ta bar maka aiki bara fa?" in ji ta. "Da wadda ta gabace ta?"

Ya yi dariya. "Yaya, kin daɗe cikin matan nan, sun juya miki kai."

Dariyar ce ta gaya mata. Bayan ya tafi ta zauna tana bin shekaru baya ɗaya bayan ɗaya. Ta tuna ta taɓa ce masa, "Kai dai sakatarori ba sa zama maka, ko rowa kake musu?" suka yi dariya tare. Ta tuna wata doguwa daga cikinsu da ya taɓa aikowa gidanta da saƙo. Yarinyar ta ba da saƙon ta ƙi tafiya, tana ta murza bakin jakarta. Mai Kati ta ce, "Akwai wani abu ne?" ta ce, "Babu, Anti." Ita kuma, mai shekara da shekaru tana jin irin wannan babun, ta karɓa ta rufe ƙofa. Ta tuna sau nawa Auta ya kai matan Bayan Shago kotu a motarsa, ita ce ma ke roƙonsa.

Babban wansu ya zo daga baya, bai zauna ba. Ya ce abu ɗaya yake so, ta nuna musu gidan yarinyar a je a ba da haƙuri a rufe maganar.

"Ban san gidan ba, Yaya. Ko na sani ba zan faɗa ba."

"Jininki ne fa."

"Na sani. Da ba jinina ba ne da ina iya cin abinci."

"To daga yau ki nemi wasu 'yan uwan," ya ce, ya fita.

Shekara biyu aka yi ana shari'ar, ita kuma ba ta taka ɗakin ba ko sau ɗaya. Tafireta ta nemo tsofaffin sakatarorin, biyu suka yarda suka ba da shaida, har da doguwar. Ranar hukunci Mai Kati na shago. Tafireta ta shigo, karo na farko a rayuwarta ba ta ce uffan ba, ta ɗaga yatsu tara, shekarun da aka yanke masa. Mai Kati ta fita bakin kwata ta yi amai, ta wanke fuska, washegari ta karɓi makullinta. Yarinyar da ta kai ƙarar ba ta taɓa gaishe ta ba, ko a hanya suka haɗu sai ta tsallaka titi. Mai Kati ba ta ga laifinta ba.

Matar Auta ta kwashe 'ya'yanta ta koma garinsu. Shi kuma ya fito bayan shekara shida da ciwon suga, ya tare a gidan wansu, bai ƙara shekara biyu ba ya rasu. A bakin wata maƙwabciya ta ji, bayan an riga an binne shi.

Wurin kuwa ya ci gaba da girma. Sista ta rasu, Iya ma haka. Da idon Mai Firji ya raunana ya bar sana'a, aikin ya koma wani bene a bakin babban titi, da allo, da layin waya uku, da lauya, da ɗaki na musamman don maza. 'Yan mata masu digiri suka karɓi ragama. Duk da haka har yau in ka tari mota ka faɗi dogon sunan da ke jikin allon, direba zai yi ta kallonka, sai ka ce Bayan Shago. Sabbin ma'aikata in aka ɗauke su, akan turo su wurin Mai Kati ta ba su tarihi. Suna zuwa da littafi da biro suna jiran labarin jarumta, ita kuwa sai ta jero musu kurakuran da aka yi, kowanne da wanda ya faɗa a kansa. Ranar Talata take zuwa, ta zauna a ɗakin kaya tana ninke tufafi.

Wata Talata, shekara goma sha shida bayan waccan Litinin, mai karɓar baƙi ta leƙo ta ce wata na nemanta, ta ce wai Mai Kati goggonta ce. Matashiyar da ta shigo tana sanye da farar rigar masu aikin gwajin jini. Mai Kati ta dubi goshin, ta san na wane ne. 'Yar Auta ce ta fari, rabonta da ita tun tana shekara takwas.

Ta gaishe ta a tsaye. Ta ce tun tasowarta ake gaya mata goggonta ce ta ƙulla wa babanta sharri saboda hassada. Ta ce watan jiya ta je kotu ta nemi kundin shari'ar, ta karanta shi tas, amma takarda takarda ce.

"Goggo, so nake in ji daga bakinki. Ya yi?"

"Ya yi."

"Kin gani da idonki?"

"Ban gani ba. Mutum uku da ba su san juna ba sun faɗi abu ɗaya. Na kuma tambaye shi da kaina, ya yi min dariya."

Yarinyar ta jawo kujera ta zauna. Ta ɗauki wata riga daga tulin ta riƙe, ba ta ninke ba.

"Yakan ɗora ni a cinya ya ba ni sitiyari in riƙe," ta ce. "Bai taɓa ɗaga min murya ba."

"Na sani. Ni na koya masa tafiya."

"To yaya ake yi da duka biyun?"

"Ban sani ba, 'yata. Tun kafin ki iya ɗaura ɗankwali nake neman yadda ake yi."

A ɗakin da ke kusa waya ta buga, wata ta ɗauka, aka ji muryarta ƙasa-ƙasa. Can yarinyar ta ce, "Da yana ƙarami, yaya yake?"

Babu wanda ya yi wa Mai Kati wannan tambayar tun da abin ya faru. Ta ce tsoron kaji yake, in zakara ya biyo shi sai ya haye bayanta. Ta ce ba ya barci sai ya riƙe kunnenta. Ta ce ranar da aka fita da uwarsu, ya bi ta ɗaki-ɗaki yana tambayar wa zai ba shi ruwa yanzu. Ta yi ta faɗa, yarinyar na saurare tana share fuska da bayan hannu, har aka fara rufe ofisoshi.

Da za ta tafi ba ta yi alkawarin komai ba, ta dai karɓi lambar waya. Wata biyu shiru, sannan ta kira. Yanzu takan kira jefi-jefi, ta tambayi gwiwar Goggo, ta tambayi idon Kawu, Mai Firji ya karɓe wayar ya ce ido ƙalau, duniyar ce ta dusashe. Ba sa sake ambatar Auta. Sau ɗaya kawai yarinyar ta ce in Goggo na so, za ta zo ta kai ta ta ga inda aka binne shi. Mai Kati ta ce ta gode, amma ba yanzu ba.